Ƙofar aji ba ta da sakata: Yadda malami zai kare lokacin karatun yara

A shekarar 2007 Bankin Duniya ya fitar da wani bincike kan yadda lokacin karatu ke salwanta a makarantu. A Tunisiya, yara na cin moriyar kusan kashi 78 cikin 100 na lokacin da gwamnati ta ware musu. A Maroko kashi 71. A nan Ghana kuwa, kashi 39 kacal. Wato idan an tsara wa yaro awa goma na karatu, abin da ke isa gare shi bai cika awa huɗu ba.

Duk sanda aka ambaci wannan adadi, abin da ake fara cewa shi ne malamai ba sa zuwa aiki, ko suna makara. Akwai wannan, binciken ma ya faɗa. Amma akwai wata ɓaraka da ba a cika magana a kanta ba: malami ya zo da wuri, ga alli a hannunsa, sai dai ba a bar shi ya koyar ba. Ina koyar da aji uku na firamare a wata makarantar zango a Kumasi, kuma abin da ke zuwa ƙofar ajina tsakanin ƙarfe takwas da sha biyu ya isa aikin ofishi guda. Uwa ta kawo kuɗin abincin da yaro ya manta. Ɗan aike daga ofishin hedimasta, ana neman adadin maza da mata yanzu-yanzu. Abokin aiki na neman aron alli. Masu dafa abincin makaranta na son a ƙirga musu yara. Waya na ta girgiza a aljihu, saƙo ya shigo zauren WhatsApp na malamai. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya zo da mugun nufi, kuma kowa cewa yake yi minti biyu kawai zai ɗauka.

Lissafin minti goma

Manhajar firamare da aka fara aiki da ita a 2019 ta ware wa lissafi darasi goma a mako, kowanne minti 30. Awa ɗaya ke nan a rana, awa biyar a mako. A ce minti goma kawai ake zaftarewa kullum daga wannan awar. A mako an yi asarar minti 50, kusan darasin yini guda. A mako 12 an yi asarar awa goma, wato lissafin mako biyu cur, alhali makaranta ba ta rufe ba, malami bai yi fashi ko sau ɗaya ba.

Kuma asarar ba ta tsaya a mintunan da aka yi a bakin ƙofa ba. Wata malamar jami'a a Kalifoniya ta Amurka, Gloria Mark, ta bibiyi ma'aikatan ofis, ta gano cewa idan aka katse wa mutum aiki, yakan ɗauki fiye da minti 20 kafin ya koma kansa, domin a tsakani yakan faɗa wasu ayyukan. Wannan babban mutum ke nan, shi kaɗai a teburinsa. To, yaya yara sama da hamsin 'yan shekara takwas? Da ka juya baya, wannan ya ƙwace fensirin wancan, wata ta fara cin gyaɗa, na baya sun fara labarin ƙwallo. In ka dawo, ba daga inda ka tsaya za ka ɗora ba, sai ka sake tattaro hankalinsu ɗaya bayan ɗaya.

Yaranmu na zango su ne suka fi kowa rashin rarar lokacin da za a zubar. Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta amince a koyar da su a makaranta. Yaro ya taso da Hausa a gida, ya zo aji ya tarar da Turanci da Asante Twi, sannan a makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci, wanda aka kafa a 1987, ga Larabci a kan jadawali. Gwajin karatu da aka yi wa 'yan aji biyu a faɗin ƙasar nan a 2013 da 2015 ya nuna kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai ke iya karatu ba gargada tare da fahimta. Yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu ba, kowane darasi na gaba zai zame masa dutse. Wannan shi ne abin da minti biyu-biyun nan ke ci.

Mai ihu da mai shiru

A wani jawabi da ya yi a 1954, shugaban Amurka na lokacin, Dwight Eisenhower, ya raba matsaloli gida biyu: masu gaggawa da masu muhimmanci, ya kuma nuna cewa ba safai suke zama abu ɗaya ba. A aji wannan a fili yake. Abin gaggawa yana da murya, yana ƙwanƙwasa ƙofa, yana sallama. Abu mai muhimmanci shiru yake yi. Yarinyar da ke zaune a layin baya, wadda har yanzu take rikita "b" da "d", ba za ta taɓa zuwa ta ce maka lamarinta na gaggawa ba ne. Idan ranarka mai ihu ne ke tsara ta, wannan yarinyar ba za ta taɓa samun layi ba.

Shi ya sa nake yanke hukunci tun kafin a ƙwanƙwasa. Duk abin da ya zo ƙofa, gida uku nake raba shi.

Na farko, abin da zai cutar da yaro in an jinkirta: zazzaɓi mai zafi, farfaɗiya, rauni, faɗan da ya kai ga jini, ko yaron da ya fita bai dawo ba. Wannan ba a tsayawa shawara, ana ajiye alli.

Na biyu, abin da dole ni zan yi shi, amma ba zai lalace ba in ya jira awa ɗaya: maganar uba kan halin ɗansa, cike fom, amsa saƙon ofishi. Wannan lokaci nake ba shi.

Na uku, abin da ba sai ni ba: karɓar kuɗin abinci, miƙa alli, ƙirga yara. Wannan aikin shugabar aji ce. Kowace safiya bayan kiran suna, tana rubuta adadin maza da mata da jimilla a kusurwar allo, wajen da ake gani daga taga. Mai neman adadi ya leƙo ya kwafa ya wuce, ko sallama ba sai ya yi ba. Wannan ƙaramin abu kaɗai ya rage mini baƙi biyu zuwa uku a rana.

Dattijo ba a ce masa "ba yanzu ba"

Littattafan tsara lokaci da ake rubutawa a Turai da Amurka shawararsu ɗaya ce: koyi cewa a'a, rufe ƙofa. A zango wannan ba zai yi ba. Malamin boko a unguwa ba malamin aji kaɗai ba ne. Shi ake kawo wa takardar gurbin sakandare bayan jarabawar BECE, shi ke duba katin inshorar lafiya ko ya ƙare, shi ke karanta saƙon MoMo. Wadda ta zo ƙofar kuma wataƙila ita ta goya ka kana jariri. Ka ce mata ba ka da lokaci, kafin la'asar magana ta kai gidanku.

Abin da na ga yana aiki shi ne kada ka kori buƙata, ka ba ta gurbi. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Gaisuwa cikakkiya ba ta kai minti ɗaya ba, kuma ita ce rabin abin da mutum ya zo nema. Misali, Hajiya ta zo da waya a hannu:

"Malam, don Allah duba mini wannan saƙon, wai an turo mini kuɗi bisa kuskure, in mayar."

"Sannu da zuwa Hajiya, ina kwana, ya gida? Wannan magana ce ta kuɗi, ba na so in duba miki a tsaitsaye. Ƙarfe goma za a kaɗa ƙararrawa, ki ɗan zauna a bencin can, ni zan zo in same ki. Kafin nan kada ki tura komai, kada kuma ki ba kowa lambar sirrinki."

Ba a wulaƙanta ta ba, an ma nuna mata lamarinta ya fi ƙarfin a yi shi a gurguje. An kare ta daga 'yan damfara na ɗan lokaci. Yara kuma ba su rasa darasi ba. Sharaɗin ɗaya ne: ƙarfe goma ta yi, ka je. Ranar da ka saɓa, gobe ba wanda zai yarda ya jira, kuma da gaskiyarsu.

Rasuwa da suna su ma haka. Jana'izar makusanci ba a haɗa ta da komai, ana neman izini a bar wa aji aiki da wanda zai kula. Amma gaisuwar ta'aziyya kwana uku ake yi ana karɓa, barka da suna kuma ba ta lalacewa don an kai ta da yamma. Mutane sun fi riƙe cewa ka zo, ba ƙarfe nawa ka zo ba.

Katsewar cikin gida

Gaskiyar magana, ba iyaye ne suka fi katse mu ba, mu ne muke katse junanmu. Wannan kuma malami ɗaya ba zai iya gyara shi ba, sai an yi yarjejeniya. A zaman da malamai ke yi na ƙara wa juna sani, wanda ya zo tare da sabuwar manhaja, mun amince da abu uku. Awar farko bayan taron safe ta karatu da lissafi ce, ba a aika yaro wani aji a cikinta. Sanarwar da ba ta gaggawa ba a rubuta ta a littafi guda a ofis, kowa ya duba lokacin hutu. Waya kuma a kashe mata ƙara ta zauna a jaka. Wanda ke da mara lafiya a gida ya bar lambar ofis, in da matsala za a zo a kira shi.

Dalilin zaɓen awar farko shi ne a lokacin yara ba su gaji ba, zafi bai taso ba, yunwa ba ta fara magana ba. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Zane, waƙa da kwafe daga allo suna iya jure katsewa, sai a tura su bayan hutu. Koyar da sabon abu ba ya jurewa.

Duk da haka wata katsewar ba makawa, jami'in sa ido zai iso ba sanarwa, ko hedimasta ya kira. Don irin wannan nake ajiye aikin ko-ta-kwana: katuna masu kalmomi da ƙananan tambayoyin lissafi a cikin kwali, waɗanda yara za su yi bibbiyu ba tare da ni ba. Kafin in fita kuma nakan ja layi a allo daidai inda muka tsaya, in tambayi yaro ɗaya: "Me muke cewa?" In na dawo shi zan fara tambaya. Da haka zaren bai tsinke ba.

Abu uku kafin a tashi

Aikin malami da ba a gani, wato duba littattafan yara, rubuta shirin darasi, cike rajista da takardun sakamako, shi ne ke taruwa har ya danne mutum a ƙarshen zango. Kafin in bar makaranta kullum, nakan rubuta abu uku kacal da dole a yi gobe, in sa wanda ya shafi karatun yara a sama. Jerin abu goma sha biyar ba tsari ba ne, tsoratar da kai ne. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma sha biyar.

Duba littattafai ma ba duka nake yi a zama ɗaya ba. Na fara da na yara goma da suka fi rauni, tun hankalina na tare da ni, domin kuskurensu ne ke gaya mini abin da zan maimaita gobe. Ranar Juma'a kuma gajeriya ce, an san za a tafi masallaci, don haka ba na ɗora mata sabon darasi mai nauyi. Bita da ɗan gwaji sun ishe ta.

Kira ga iyaye

Iyayenmu da yayyenmu, ƙofar makaranta taku ce, zuwanku ma shi muke so, domin yaron da aka san ana bibiyarsa daban yake. Roƙon kawai shi ne a zaɓi lokaci. Ku tambayi malamin ɗanku ƙarfe nawa ake fita hutu, ƙarfe nawa ake tashi, ku zo a lokacin, za ku same shi da natsuwar sauraron ku. A haɗa wa yaro kuɗin abinci da fensiri tun da dare. Kada a aiko a ɗauke yarinya daga aji don ta je kasuwa ko ta riƙe ƙaninta. In kuwa malam ya ce ku ɗan jira ƙararrawa, ba raini ba ne. A cikin yaran nan hamsin da yake ƙoƙarin komawa wurinsu, har da naku.