Hawan Keke Ba Tare da Fargabar Tirela Ba: Daga Ƙauyukan Faransa Zuwa Bodinga da Shagari

Yau zancen keke za mu yi. Da yawanku kun ga irin hotunan nan na Faransa a Facebook ko TikTok: mutum shi kaɗai a kan keke, siririn titi ya ratsa daji, tudu a gaba, ba mota ko ɗaya. Sai ka ji ana cewa, "Ai su Allah Ya ba su daji, mu sai rana da ƙura." To ni dai a ganina ba dajin ne sirrin ba. Sirrin shi ne sun raba hanyar mai keke da ta babbar mota. Wannan kuwa mu ma za mu iya kwatantawa a nan Bodinga.

Bari mu fara da can ɗin. Faransa ƙasar keke ce tun da daɗewa, gasar Tour de France ma a 1903 aka fara ta. Amma mai yawon shan iska ba ya bin manyan tituna. A yankuna masu duwatsu da daji irin su Vosges da Morvan, ƙananan titunan da ke haɗa ƙauye da ƙauye yake bi, don manyan motoci suna da tasu hanyar. Sannan akwai tsofaffin layukan dogo da aka cire ƙarafunansu aka mayar da su hanyar keke da masu tafiya a ƙafa, mota ba ta shiga. Ga kuma doka: direban da zai wuce mai keke dole ya bar tazarar mita ɗaya a cikin gari, mita ɗaya da rabi a bayan gari.

To mu dawo gida. Babban titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Bodinga da Shagari ya nufi Tambuwal da Jega, shi ne hanyarmu ta zuwa Kudu. Tirela da tanka da motocin shanu da na albasa duk nan suke bi, dare da rana. Idan tirela ta wuce ka da gudu, iskarta kan fara ture ka gefe, sannan ta jawo ka wajenta. Ga gefen kwalta ya zaizaye a wurare da dama, ga rairayi. Taya ta zame a nan, sai dai Allah Ya kiyaye. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin kabu-kabu ya tashi, mutane da yawa sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Ɗalibi ne, mai tallan kaya ne, manomi ne, duk ran mutum ne a kan sirdin nan.

Saboda haka ga yadda nake zaɓen hanya.

Na farko, in akwai hanyar burji ko turbar ƙauye da za ta kai ni, ita nake bi, ko da ta fi tsawo. Garuruwa irin su Sifawa, Dingyaɗi, Dancaɗi, ko Dandin Mahe da Kajiji a ɓangaren Shagari, kowanne yana da hanyoyin da mutanensa ke bi zuwa gona da kasuwa. Taswirar waya ba ta san dukkansu ba. Mai faci da ɗan kabu-kabu su suka sani, ka gaishe su ka tambaya.

Na biyu, ka duba ƙasar. Fako da jan burji suna da daɗin tuƙi. Jigawa mai rairayi kuwa sai ka sauka ka tura. Siririyar tayar keken tsere irin ta Turai nutsewa take yi a yashi, ƙaya kuma ba ta raga mata. Taya mai faɗi ta fi dacewa da mu, kuma ka ɗan rage mata iska in hanyar yashi ce. Kada ka fita ba famfo da kayan faci, don ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba su san sabon keke ba.

Na uku, lokaci. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, to bayan sallar asuba za ka fita, kafin hantsi ya dubi ludayi ka dawo. Mafi daɗin lokaci shi ne daga ƙarshen damina zuwa shigowar hunturu: ƙasa ta daddale, gari ya yi sanyi. Ranar da hazo ya yi kauri kuwa, direba ba ya hango ka daga nesa, sai ka sa riga mai haske. Ruwa kuma ka sha tun kafin ƙishi ya kama ka.

Na huɗu, tsaro. Kowa ya san halin da wasu yankunan jiharmu ke ciki. Kada ka shiga dajin da ba ka sani ba, ku tafi ku biyu ko uku, ka faɗa a gida inda za ka, kuma kada magariba ta same ka a hanya.

In kuma dole sai ka hau babban titi, ka bi hannun dama kamar sauran ababen hawa, ban da tuƙin gaba da gaba da motoci. Birki ya zama yana ci, ka cire abin jin waƙa daga kunne, ka sa hular kwano in da hali.

Wani zai ce, to me za a gani? Mu ba mu da dajin Vosges, gaskiya ne. Amma a Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a nan Bodinga. A Shagari ga madatsar ruwa da masu noman rani, ga garin Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, wanda a can aka binne shi a 2018. Ga gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani, daidai lokacin da mai keke ya fi neman inuwa.

Roƙona ga direbobinmu, ku ara mana mita ɗaya da rabin nan ko da ba wanda zai kama ku. Ku kuma matasa, wace hanya ce kuka sani tsakanin ƙauyukanku da ba ruwanta da tirela? Ku faɗa mana inda ta fara da inda ta ƙare, da yanayin ƙasarta, wani ya amfana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya tsare hanya.