Amsa Ga Masu Sauraro: Tattalin Kananzir Lokacin Hunturu

Wani mai sauraronmu daga Kebbe, da wasu 'yan kasuwa a Tambuwal, sun aiko suna tambaya: yaya za a ɗumama ɗaki a watan Disamba da Janairu ba tare da kananzir ya cinye kuɗin cefane ba?

To malam, tun 2016 da gwamnati ta janye tallafin kananzir, kunna risho don jin ɗumi kawai ɓarna ce. Bar shi ga girki da fitila. Dubi wutar rishonka: in shuɗiya ce, mai yana ƙonewa daidai. In ta yi ja tana hayaƙi tana baƙanta tukunya, kuɗinka ne ke tashi sama. A datse lagwani ya zo kai ɗaya, a goge toka, a kare risho daga iska, a rufe tukunya. Wake kuwa, uwargida ta jiƙa shi tun dare.

Sanyin ɗaki yawanci ta ƙasan ƙofa da taga yake shigowa. Toshe da tsohon buhu tun la'asar, a shimfiɗa tabarma biyu. In za ka shiga da kaskon wuta, bari gawayin ya zama garwashi a tsakar gida tukuna, kuma ka bar 'yar kafar iska. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Fitar da kaskon waje kafin yara su kwanta, ka ji ko?