Bursu: Kuɗin Karatu Daga Aljihun Jama'a

Ƴan'uwa ɗaliban karatun manya na Difa, da Boso, da Maine-Sorowa, da dukan garuruwan bakin Kumadugu. Darasinmu na yau a kan bursu yake.

Mene ne bursu? Kuɗi ne da gwamnati take ba ɗalibi don ya ci, ya sayi littattafai, ya yi karatu mai zurfi da kwanciyar hankali. A Nijar, ma'aikatar da ake kira ANAB, a Yamai, ita ke kula da wannan aiki. Ba kowa ke samu ba. Ana duba makin da yaro ya ci, da shekarunsa, da takardunsa.

Ga yadda matakan suke. Yaro ya ci jarrabawar BAK, sai ya shiga jami'a. Bayan shekara 3 ya sami lisansi. In ya ƙara shekara 2 ya sami masta. Daga cikin irin waɗannan ɗalibai ake samun manyan ma'aikatan gwamnati: alƙalai, da malaman gona, da masu kula da ruwa, da masu riƙe baitulmali.

A da, ɗan Difa sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,300 zuwa Yamai kafin ya ga jami'a. Can aka kafa makarantar horon ma'aikatan mulki, wato ENA, a 1963. Can kuma jami'ar ƙasa ta tsaya da ƙafafunta a 1973. Amma a 2014 an kafa jami'a a nan Difa, inda ake koyar da ilimin noma da na kare muhalli.

To, daga ina kuɗin bursu yake fitowa? Daga wurinka, ɗan'uwa. Harajin da ake karɓa a kan buhun tattasai, da kifi, da dabbobi a kasuwa, yana cikin dukiyar da ƙasa take aiki da ita. Saboda haka bursu ya fi kama da bashi bisa kyauta. Ɗalibi yana biyan wannan bashi da aiki. Shi ya sa akwai bautar ƙasa, inda wanda ya gama jami'a yake yi wa ƙasa aiki kafin ya nemi wurin zama na dindindin.

Yankinmu yana bukatar waɗannan yara. Tun harin da aka kai Difa da Boso a watan Fabrairu na 2015, mutane da yawa sun bar garuruwansu, makarantu da dama sun rufe. A 2019 Kumadugu ya cika ya tumbatsa, ya cinye gonaki da gidaje. Gyaran irin wannan ɓarna yana son ma'aikaci mai ilimi wanda ya san ƙasar, yana jin Barbarci ko Fulatanci ko Hausa, kuma ba ya ƙosawa a mayar da shi Yamai.

Mene ne naka aikin, kai uba, ke uwa?

Na ɗaya, ku yi wa kowane jariri takardar haihuwa a ofishin magajin gari. In babu ita, yaro zai sha wuya wajen jarrabawa, balle neman bursu.

Na biyu, ku adana takardun makaranta cikin leda, nesa da ruwa da gara. Yanzu kun iya karatu, ku duba ko sunan yaro da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a kowace takarda.

Na uku, kada ku cire ɗiya mace daga makaranta in tana ƙoƙari. Bursu bai ware mace ba.

Na huɗu, kuɗin yakan makara. Ku ajiye ɗan guzuri don watannin farko.

Wanda ɗansa yake ajin ƙarshe na lise, ya je wurin shugaban makaranta tun yanzu, ya tambayi takardun da ake bukata da ranar rufe karɓa.

Sai darasi na gaba. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya.