Kifin ƙarya mai nutsewa: wata dabarar fatsa

Masunta sun san fatsa da koto, tana ko ƙaramin kifi. Akwai kuma fatsa da kifin ƙarya, wanda ake sassaƙawa da itace ko a ƙera da roba. A shekara ta 1936 wani masunci talaka na ƙasar Finlanda, Lauri Rapala, ya lura cewa babban kifi yakan zaɓi wanda ya ji ciwo cikin garke. Sai ya sassaƙa nasa, ya lulluɓe shi da takarda mai ƙyalli. Har yau ana sayar da irin waɗannan kaya da sunansa.

Wanda muke magana a kansa dogo ne siriri kamar guntun kara. Yana da nauyi a ciki, da ƙugiyoyi masu baki uku-uku. Ba shi da leɓen da ke sa wasu rawa da kansu. Hannun masunci shi ne ransa.

In kun jefa shi, kada ku yi gaggawa. Ku bar shi ya nutse, kuna ƙirga: ɗaya, biyu, uku. Yana sauka yana karkaɗawa kamar kifi mai mutuwa. Sa'an nan ku fizgi sanda kaɗan, ku dakata, ku naɗe zare, ku sake fizga. Sau da yawa lokacin dakatawar ne kifi yake kai cafka. In ya kama a ƙirga ta takwas, to a wannan zurfi suke, ku koma can. In ƙugiya tana kwaso ciyawa, ku rage ƙirga.

A kogin Kwara, wajen Ayoru ko Gaya, giwan ruwa da tsage ne suka fi bin sa, don su maciya kifi ne. Giwan ruwa yana iya wuce kilo 100, saboda haka zare mai ƙwari ake so. Tsage kuwa haƙoransa suna yanke zare, sai an ɗaura guntun waya a gaba. Kada ku sa rai da karfasa, ita ciyayi ta fi ci.

Nijar ba ta da teku, amma ƴan ci-rani da ke Kotonu da Lome suna iya ganin manyansa. Ruwan gishiri ya fi na kogi nauyi, don haka kifin ƙarya ba ya saurin nutsewa a cikinsa. Gishiri kuma yana cin ƙarfe: a wanke ƙugiyoyi da ruwan daɗi bayan aiki.

A ganina, wannan abu ba zai maye gurbin taru ko mamari ba. Yana da tsada, kuma in ya maƙale a saiwa kuɗi sun tafi. Amma babban kifi yake zaɓa, ya bar ƙanana su girma. Masu kamu da gidan sauro kuwa har ƴaƴan kifi suke kwashewa, baɗi kowa ya rasa.

Mai jifa daga gaɓa ko cikin jirgi ba ya tsayawa a ruwa, inda ake ɗaukar tsargiya. Sai dai a yi hankali da yara a baya lokacin jifa. In ƙugiya ta shige nama, kada a fizge ta, don ƙayarta tana yaga. A je asibiti a cire, a tambayi allurar rigakafin tetanos.