Amincewa da takardun shaidar karatu na ƙasashen waje

Amincewa da takardun shaidar karatu na ƙasashen waje tsari ne da wata ƙasa ke bi don tantance digiri, difloma ko lasisin sana'a da mutum ya samo a wata ƙasar, sannan ta yanke ko za ta ba shi damar ci gaba da karatu ko yin aiki da shi. Batun ya fi shafar ƙwararrun 'yan ci-rani, kamar likitoci, ma'aikatan jinya, injiniyoyi da malaman makaranta, waɗanda ke barin ƙasashe masu tasowa zuwa Birtaniya, Amurka, Kanada, Jamus da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai. A arewacin Najeriya abin yana da fuska biyu: masu fita da takardun gida, da masu dawowa da takardun waje.

Ire-iren amincewa

Akwai amincewa ta fuskar karatu, wadda jami'a ko cibiyar tantancewa ke bayarwa don nuna matakin da takarda ta yi daidai da shi. Akwai kuma amincewa ta fuskar sana'a, wadda ke hannun hukumar da doka ta ba ikon bayar da lasisi. Samun ta farko ba ya nufin samun ta biyu. Mutum na iya riƙe takardar da ke cewa digirinsa na likitanci daidai yake da na ƙasar da ya je, amma ba shi da ikon duba marar lafiya sai ya ci jarrabawar hukumar likitocinta. A sana'o'in da ba su buƙatar lasisi, kamar aikin kwamfuta, mai ɗaukar aiki ne ke yanke hukunci.

Tarihi

Kafin zuwan boko, malaman ƙasar Hausa suna da hanyar tabbatar da ilimi a tsakanin ƙasashe, wato ijaza. Malami ne ke ba ɗalibinsa izinin koyar da wani littafi, tare da salsalar malaman da aka karɓo shi daga gare su, kuma ana girmama wannan shaida daga Kano da Katsina har Timbuktu, Masar da Hijaz.

Tsarin zamani ya ginu ne a kan yarjejeniyoyin ƙasashe. Ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ciki har da Nijar, sun kafa majalisar CAMES a shekarar 1968 don daidaita ilimin jami'o'insu. An ƙulla Yarjejeniyar Arusha ta Afirka a 1981, aka sabunta ta a Addis Ababa a 2014. A Turai an sanya hannu kan Yarjejeniyar Lisbon a 1997, wadda ta kafa ƙa'idar cewa a amince da takarda sai dai idan hukumar da ke tantancewa ta nuna akwai babban bambanci. Hukumar UNESCO ta amince da yarjejeniya ta duniya baki ɗaya a watan Nuwamban 2019, ta fara aiki a watan Maris na 2023. Waɗannan yarjejeniyoyi sun fi ƙarfi a fannin karatu. Lasisin sana'a ya ci gaba da zama a ƙarƙashin dokar kowace ƙasa.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Birtaniya, mafi yawan likitocin da suka yi karatu a Najeriya sai sun ci jarrabawar Turanci, IELTS ko OET, sannan jarrabawar PLAB ta hukumar likitoci GMC. Kashin farko rubutacce ne, ana iya yin sa a Najeriya; kashi na biyu na gwajin aiki ne, ana yin sa a Manchester. Ma'aikatan jinya suna bi ta hukumar NMC, da jarrabawar kwamfuta da kuma gwajin aiki a cikin Birtaniya.

A Amurka, hukumar ECFMG ce ke tantance takardun likita, sai jarrabawar USMLE, sannan a mafi yawan jihohi sai ya sake horon ƙwarewa a asibitin ƙasar, ko da ya riga ya zama ƙwararre a gida. Ma'aikatan jinya suna rubuta jarrabawar NCLEX.

Kanada ta fara zaɓen baƙi ta hanyar maki a 1967. Gwamnatin tarayya ce ke ba da izinin shiga bisa ilimin mutum, amma lasisin aiki yana hannun hukumomin larduna. Wannan rarrabuwa ce ta sa ake samun wanda aka karɓa saboda digirinsa amma bai sami damar aiki da shi ba. Lardin Ontario ya yi dokar adalci wajen shiga sana'o'i a 2006.

Jamus ta kafa dokar amincewa a 2012, wadda ta ba kowa haƙƙin neman a tantance takardarsa ba tare da duba ƙasarsa ba, ta ƙara da dokar shigowar ƙwararrun ma'aikata a 2020. Babban shinge a can shi ne harshen Jamusanci.

A Saudiyya, Hukumar Ƙwarewar Fannonin Lafiya ce ke rarraba ma'aikata zuwa matakai, bayan kamfanin DataFlow ya tabbatar da takardu kai tsaye daga makarantar da ta bayar da su.

Ƙwararrun Najeriya masu fita

Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suna cikin manyan cibiyoyin da ke horar da likitoci a arewa. Kasancewar ana karatu da Turanci ya sauƙaƙa wa ɗalibansu shiga Birtaniya da ƙasashen Larabawa. Ga Musulmi da yawa, kusanci da Makka da Madina na ƙara wa Saudiyya farin jini. A watan Agustan 2021, a tsakiyar yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa, likitoci da dama sun halarci ganawar ɗaukar aiki zuwa Saudiyya da aka yi a Abuja.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya tsakanin ƙasashe a 2010. Jerin da ta fitar a 2023 ya ƙunshi ƙasashe 55 masu ƙarancin ma'aikata, har da Najeriya da Nijar, waɗanda ba a so a riƙa farautar ma'aikatansu. Ƙa'idar ba ta hana mutum neman aiki da kansa ba.

A gida an yi ƙoƙarin rage fitar. A 2023 an gabatar wa Majalisar Wakilai ƙudurin da zai tilasta wa likita yin shekara 5 a Najeriya kafin a ba shi cikakken lasisi, ƙungiyoyin likitoci suka yi adawa da shi. A watan Fabrairun 2024 hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta sanya sharaɗin aikin shekara 2 kafin ta tabbatar wa ƙasashen waje da takardun ma'aikaci, abin da ya jawo zanga-zanga. A watan Agustan 2024 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya.

A fannin injiniyanci, hukumar COREN ta zama mamba ta wucin gadi a Yarjejeniyar Washington a 2023. Cikakkun mambobin wannan yarjejeniya ta 1989 suna amincewa da digirin injiniyanci da junansu suka tantance.

Masu dawowa da takardun waje

Gwamnatin Jihar Kano a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, ta tura ɗalibai da yawa karatu waje, kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shirin a 2023, inda aka tura ɗalibai Indiya da Uganda. Iyaye ma kan tura 'ya'yansu Sudan, Masar da Nijar. Wanda ya dawo da irin wannan takarda sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta kafin ya yi hidimar ƙasa, likita kuma sai ya ci jarrabawar hukumar MDCN. A watan Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya nuna ya sami digiri daga Kwatano cikin mako 6. Matakin ya shafi har waɗanda suka yi karatun gaskiya a waɗannan ƙasashe.

Ƙwarewar da ba ta da takarda

Yankin noman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam, wanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, yana nuna wani ɓangare na matsalar. Shirin ya tara injiniyoyin ruwa da jami'an gona masu takardu, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ya kuma samar da dimbin masu gyaran injin ban-ruwa, direbobin tarakta, masu walda da masu sarrafa injin casar shinkafa, waɗanda suka koyi sana'a a hannun maigida. Irin waɗannan idan suka fita ci-rani, ana lissafa su a matsayin leburori, domin tsarin biza na ƙwararru takarda yake dubawa. Hanyoyin da ake da su na mayar da irin wannan ƙwarewa takarda sun haɗa da gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, jarrabawar NABTEB, da tsarin matakan ƙwarewa na ƙasa wanda hukumar NBTE da ke Kaduna ke kula da shi.

Muhawara

Masu goyon bayan tsaurara tantancewa suna kafa hujja da kare lafiyar jama'a da kuma takardun jabu. Masu suka suna cewa tsadar jarrabawa, tsawon jira da sharaɗin sai mutum ya taɓa aiki a ƙasar suna kare guraben 'yan ƙasa ne kawai, kuma suna tura ƙwararru tuƙin tasi ko aikin kula da tsofaffi. Masana tattalin arziki suna kiran wannan asarar ƙwarewa: ƙasar da ta horar ta rasa, wadda ta karɓa ba ta amfana ba.

Sauƙaƙa amincewa ma yana da nasa sakamakon. Yana amfanar ɗan ci-rani da iyalinsa ta kuɗin da yake aikowa gida, amma yana hanzarta fitar ma'aikata. Gurbin da aka bari a manyan asibitocin birni kan jawo ma'aikata daga ƙananan asibitoci, don haka giɓin yakan ƙare a kan mazauna karkara. Saboda wannan, Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar yarjejeniya tsakanin gwamnati da gwamnati, inda ƙasar da ke ɗaukar ma'aikata za ta taimaka wajen horar da wasu a ƙasar da suka fito.