Dodon koɗin da ke ɓuya cikin ƙasa

Masu kiwon kifin ado cikin akwatin gilashi sun san wani ƙaramin dodon koɗi mai tsinin baya, wanda masana ke kira Melanoides tuberculata. Asalinsa Afirka ne da kudancin Asiya. Da rana yakan nutse cikin yashin akwatin, sai dare ya yi ya fito kiwo. Tonon nan yana motsa yashi, shi kuma yana cinye ragowar abincin kifi. Macen tana haihuwa ba tare da namiji ba, har ɗaya tak kan cika akwati.

A tabkunan Sahel kuwa, halin ɓuyan nan ba abin ado ba ne. Jinsin Bulinus senegalensis, in tabki ya ƙafe da rani, sai ya shige laka ya yi watanni bai motsa ba, ruwan damina na sauka ya farfaɗo. A jikinsa ne tsutsar tsargiya, wadda likita Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, take hayayyafa kafin ta huda fatar yaro mai wanka, ta sa shi fitsarin jini. Ke nan tabkin da ya bushe ƙurmus bai rabu da cutar ba.

Abin mamaki, a tsibirin Martinik cikin shekarun 1980, Melanoides aka saka ya kori Biomphalaria mai ɗauke da tsargiyar hanji. A Nijar dai, a 2004 aka fara rabon ƙwayar praziquantel ga ƴan lakwal a faɗin ƙasa.