Buguwar Kai a Makaranta: Yaushe Ya Kamata a Sanar da Iyaye?

A ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya, inda makarantu da dama ke da ma'aikaciyar jinya ko malamin da aka horar kan taimakon gaggawa, akan ware wa buguwar kai ƙa'ida ta musamman, domin ta bambanta da ƙujewar gwiwa ko targaɗe, waɗanda girman ɓarnarsu ke fitowa fili nan take. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin wani ruwa a cikin ƙoƙon kai, kuma idan kai ya bugu da ƙarfi takan motsa ta daki ƙashi, aikinta ya rikice na ɗan lokaci, abin da ake kira girgizar ƙwaƙwalwa. Mafi yawan yaran da hakan ke samu ba sa suma, kuma alamomin kan jinkirta sa'o'i, wani lokaci har washegari.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne tsinkewar jijiyar jini tsakanin ƙoƙon kai da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, inda jini ke taruwa sannu a hankali yana danne ta, alhali wanda ya ji raunin yana tafiya yana hira kamar lafiyarsa ƙalau. Irin wannan ne ya yi ajalin 'yar fim Natasha Richardson a watan Maris na 2009, bayan ta faɗi tana wasan zamiya a kan ƙanƙara a Kanada, ta kuma tashi tana magana. Saboda haka yaron da ya share hawaye ya koma aji da hantsi ba lallai ne ya tsira ba, kuma idan ciwon ya taso da dare, iyayensa ne kaɗai ke kusa.

Wannan ne ya sa hanya mafi aminci ita ce a sanar da iyaye duk wata buguwar kai a ranar da ta faru, sai dai gaggawar sanarwar ta danganta da yanayin yaron. Idan ɗan ƙulu ne kawai, yaron kuma yana cikin hayyacinsa, ya isa a sa masa ƙanƙara cikin ƙyalle, a sa masa ido, a aika da takarda ko saƙon waya kafin a tashi, kamar yadda makarantun firamare da yawa ke yi a Ingila. Idan kuwa akwai ciwon kai, jiri, tashin zuciya, gani dishi-dishi, ko ya kasa tuna yadda ya faɗi, wajibi ne a buga wa iyaye waya nan take domin su kai shi wurin likita, haka ma idan yana da cutar rashin daskarewar jini. Amma idan ya suma, ko yana amai a kai a kai, ko yana jijjiga, ko maganarsa ta karye, ko barci ya rinjaye shi, ko ruwa garai-garai na zuba daga hanci ko kunne, to neman motar asibiti ne a gaba, sannan kiran gida.

Sanarwa mai amfani takan faɗi lokacin da abin ya faru, da yadda ya faru, da gurbin da ya bugu, sannan ta zayyana alamomin da za a lura da su cikin awa 24 zuwa 48. Takan kuma gargaɗi iyaye kada yaro ya koma wasan guje-guje da wuri, domin buguwa ta biyu kafin ta farko ta warke na iya yin mummunar illa. Jihar Washington ta Amurka ta kafa doka a kan haka a 2009, mai ɗauke da sunan Zackery Lystedt, wanda ya naƙasa a 2006 yana ɗan shekara 13 bayan ya koma filin wasa da rauni a kai. Dokar ta wajabta a fitar da yaron da ake zargin ƙwaƙwalwarsa ta girgiza daga wasa, kuma kada ya dawo sai da rubutaccen izinin ma'aikacin lafiya.

A makarantar da ba ta da ma'aikaciyar jinya, nauyin yana wuyan malamin aji da hedimasta, waɗanda bai kamata tsoron zargi ya sa su yi shiru ba, domin uwar da aka gaya wa ɗanta ya bugu a kai ba za ta ɗauki aman da ya yi da tsakar dare a matsayin zazzaɓin cizon sauro ba.